Na'urar Gano Kifi: Yadda Amsa-kuwwa ke Tona Asirin Ƙarƙashin Ruwa

Gabatarwa

Ƙasar da ke arewacin birnin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, ƙasa ce ta manoma. Gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, kuma da wuya a sami filin da ba a nomawa kowace damina. A da, da zarar kaka ta wuce sai rafukan yankin su ƙafe su bar yashi. Amma daga zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, musamman bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, hukuma ta duƙufa wajen gina madatsun ruwa. A kudu an kammala ta Tiga a 1974, wadda ita ce babbarsu. A arewa kuwa aka sami ta Tomas a yankin Ɗambatta da Makoɗa, da ta Jakara wadda aka fi sani da Wasai a Minjibir, da ta Gari a Kunci, sai ta Watari a Bagwai ta wajen yamma. An gina su ne domin ruwan sha da noman rani, sai ga shi sun buɗe wata ƙofar neman abinci, wato kamun kifi.

Babbar matsalar masunci ita ce ba ya ganin abin da yake nema. Da damina ruwan madatsa kan gauraye da laka, har mutum ya nutsa hannunsa kamu ɗaya ya kasa ganin tafinsa. Shi ya sa ake cewa kifi na ganinka mai jar koma. Sarkin ruwa da jama'arsa sun dogara ne ga sanin da suka gada: motsin ruwa, da kumfar da ke tasowa, da inda tsuntsaye ke shawagi, da kuma gwangwalar da ake cakawa a ji zurfi. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wata na'ura da ake ɗaurawa a jirgin ruwa, wadda ke amfani da sauti wajen gano kifi da auna zurfi. Za a duba yadda take aiki, da yadda ake sarrafa ta, da kuma amfanin da za ta iya yi wa madatsu irin na Kano.

Gani da Ji a Cikin Ruwa

Bahaushe na cewa gani ya kori ji. A doron ƙasa haka abin yake, amma a cikin ruwa ji ne ke korar gani. Haske ba ya nisa a ruwa, domin ƙwayoyin lakar da ke yawo a ciki suna watsa shi, ruwan kansa kuma yana shanye shi. Igiyoyin rediyo su ma ƙarfinsu kan ƙare nan da nan. Sauti kuwa yana ratsa ruwa ba tare da wahala ba, ko da ruwan ya yi jawur da laka. A cikin iska yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya. A cikin ruwa mai ɗumi irin na madatsun Kano yana cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa, wato ya ninka saurinsa na iska fiye da sau huɗu.

Shi sauti girgiza ce da ke bin jikin abu. Idan aka doki ganga, fatarta kan matsa iskar da ke kusa da ita ta kuma sake ta, wannan matsi da saki ya yi ta tafiya har ya isa kunne. Yawan kaɗawar da ake samu a daƙiƙa ɗaya ana auna shi da ma'aunin da ake kira haz, don tunawa da masanin nan na Jamus, Heinrich Hertz. Kunnen ɗan'adam yana jin sautin da ke tsakanin haz 20 da haz 20,000. Abin da ya haura haka yana nan, sai dai kunne ba ya kama shi.

Idan sauti ya ci karo da wani abu, kamar dutse ko katanga, wani ɓangarensa kan dawo. Wannan shi ne amsa-kuwwa. Duk wanda ya san saurin sauti, ya kuma auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, to ya san nisan abin da ya mayar da shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina fasahar da ake kira sona, kuma na'urar gano kifi reshe ce daga cikin rassanta.

Taƙaitaccen Tarihi

Dabbobi sun riga ɗan'adam sanin wannan dabara. A shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya lura cewa ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna tashi lafiya ko da an hana su gani, amma idan aka toshe kunnuwansu sai su riƙa karo da abubuwa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 Donald Griffin na Amurka ya tabbatar cewa suna fitar da siririn sauti da kunnen mutum ba ya ji, suna kuma sauraren dawowarsa.

A 1826 Daniel Colladon da Charles Sturm suka auna saurin sauti a tafkin Janeba na ƙasar Suwizalan. An buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa daga wani jirgi, a daidai lokacin kuma aka kunna albarushi. Wanda ke ɗaya jirgin, mai nisan kimanin kilomita 13, ya ga walƙiyar albarushin, sannan ya ƙirga lokacin da ƙarar ta ɗauka kafin ta iso. Suka sami mita 1,435 a daƙiƙa, a cikin ruwan sanyi. A 1880 kuma 'yan'uwan nan biyu na Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matsa farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz yakan haifar da lantarki. Bayan shekara guda aka tabbatar cewa idan aka ba shi lantarki shi ma yakan motsa.

Nutsewar jirgin Titanic a 1912, bayan ya yi karo da dutsen ƙanƙara, ta zaburar da masana. A 1914 Reginald Fessenden ya gano dutsen ƙanƙara daga nisan kimanin kilomita 3 ta hanyar amsa-kuwwa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Paul Langevin na Faransa ya yi amfani da kwaz wajen neman jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. A 1935 Oscar Sund na ƙasar Nowe ya wallafa hoton garken kifi da na'urar auna zurfi ta zana a takarda. Sannan a 1948, a yankin Nagasaki na Japan, 'yan'uwa biyu, Kiyotaka da Kiyokata Furuno, suka fara sayar wa masunta na'urar da aka ƙera musamman domin neman kifi.

Sassan Na'urar

Na'urar tana da sassa huɗu. Na farko shi ne batir, mai ƙarfin bolt 12, irin na mota ko na babur, wanda ake iya cajinsa da farantin sola. Na biyu shi ne akwatin da ke aika lantarki da karɓarsa, yana kuma ɗauke da agogo mai auna ɗan ƙanƙanin lokaci. Na uku shi ne allon da ke nuna sakamako. Na huɗu, wanda ya fi su muhimmanci, shi ne tiransidusa, wani ɗan curi da bai wuce dunƙulen hannu ba, wanda ake nutsawa a ruwa. Za a iya kiransa bakin na'ura, ko da yake shi ne kuma kunnenta.

A cikin bakin akwai ɗan faifai na wani irin tangaran na musamman mai hali irin na kwaz. Irin wannan abu ne ke ba da tartsatsi a laitar da ake dannawa ta yi ƙas. Idan akwatin ya aiko masa da lantarki, faifan kan girgiza da sauri, ya harba gajeren sauti zuwa ƙasa. Daga nan sai ya yi shiru yana saurare. Amsa-kuwwar da ta dawo za ta girgiza shi, shi kuma ya mayar da girgizar ta zama lantarki mai rauni. Akwatin zai ƙarfafa wannan lantarki, ya auna lokacin da ya wuce, ya zana ɗigo a allo. Ana maimaita wannan sau da yawa a kowace daƙiƙa. Da irin wannan dabara ce ake ɗaukar hoton jariri a cikin mahaifiyarsa a asibiti.

Na'urori da yawa na aiki da haz 50,000 ko haz 200,000, wato kilohaz 50 ko 200. Mutum ba ya jin wannan sauti, haka ma mafi yawan kifaye. Tsawon igiyar sauti ana samunsa ne idan aka raba sauri da yawan kaɗawa. A kilohaz 50 tsawon ya kai santimita 3, a kilohaz 200 kuwa milimita 7.5 ne kacal. Gajeriyar igiya ta fi nuna ƙananan abubuwa dalla-dalla, amma ruwa ya fi saurin shanye ta. Doguwa ta fi kai wa nesa, sai dai hotonta ba ya fita sosai. Saboda haka kilohaz 200 ya fi dacewa da madatsu marasa zurfi ƙwarai, kilohaz 50 kuma da teku.

Lissafin Zurfi

Lissafin bai fi ƙarfin ɗalibin sakandare ba. Zurfi daidai yake da saurin sauti sau lokacin da ya ɗauka, a raba biyu. Ana rabawa biyu ne domin sautin ya yi tafiya biyu, zuwa da dawowa.

A ɗauka cewa amsa-kuwwar farko ta dawo bayan daƙiƙa 0.004, ta biyu kuma mai ƙarfi ta dawo bayan daƙiƙa 0.008. Ta farko: 1,500 sau 0.004 ya ba da mita 6, a raba biyu ya zama mita 3. Ta biyu: 1,500 sau 0.008 ya ba da mita 12, a raba biyu ya zama mita 6. Ke nan zurfin wurin mita 6 ne, kuma akwai wani abu a tsakiyar ruwan, mita 3 daga bakin na'ura.

Ya kamata mai karatu ya lura da kalmar "wani abu". Lokaci kawai na'urar ke aunawa, da kuma ƙarfin sautin da ya dawo. Ba ta san kifi ba, ba ta san reshen itace ba. Mai riƙe da ita ne zai bambance.

Dalilin da Kifi ke Mayar da Sauti

Sauti kan dawo ne a duk inda ya tashi daga wani abu zuwa wani wanda nauyinsa da taurinsa suka bambanta. Idan bambancin kaɗan ne, yawancin sautin wucewa yake yi. Tsokar kifi kusan duk ruwa ce, saboda haka amsa-kuwwarta ba ta da ƙarfi. Amma duk wanda ya taɓa gyara karfasa ko giwan ruwa ya ga wata jaka mai iska a cikin cikinsa, a ƙarƙashin ƙashin baya. Da ita kifi ke daidaita nauyinsa, ya tsaya a tsakiyar ruwa ba tare da ya nutse ko ya taso ba. Bambancin da ke tsakanin ruwa da iska yana da girma ƙwarai, har kusan dukkan sautin da ya doki iska a cikin ruwa dawowa yake yi. Bincike ya nuna cewa a wasu kifayen kashi 90 cikin ɗari na amsa-kuwwar daga wannan jaka yake fitowa.

Wannan ya bayyana abubuwa biyu. Na ɗaya, ƙaramin kifi mai babbar jaka yana iya fin babban kifi mai ƙaramar jaka fitowa a allo. Na biyu, duk abin da ke riƙe da iska zai yi kama da kifi: kumfar da ke tasowa daga ruɓaɓɓen ganye, da ciyawar ruwa, da kumfar da farfelar inji ke tayarwa.

Karanta Allo

Sautin ba ya sauka a miƙe kamar igiyar guga. Yana buɗewa ne yayin da yake sauka, kamar jinkar ɗaki, tsininta a bakin na'ura, faɗinta a ƙasa. Idan buɗewar digiri 20 ce, faɗin da'irar da ke ƙasa kusan sulusin zurfin ne. A zurfin mita 6, da'irar ba ta wuce mita 2 da 'yan kai ba. Idan kuwa digiri 60 ce, faɗin kan ɗan ɗara zurfin.

Allon kuma ba madubi ba ne da ke nuna ƙarƙashin jirgi gaba ɗaya. Daga sama zuwa ƙasa yana nuna nisa, daga dama zuwa hagu yana nuna lokaci. Abin da ke gefen dama shi ne na yanzu, wanda ya gangara hagu kuwa an riga an wuce shi. Masu koyo da yawa kan jefa birgi don abin da suka gani a tsakiyar allo, alhali kifin na can baya.

Kifi kan fito da siffar baka a kife, kamar bakan-gizon da magina ke ɗaurawa a soro. Ga dalili. Lokacin da kifi ya shigo gefen jinkar sautin, yana da ɗan nisa daga bakin na'ura, sai a zana shi ƙasa-ƙasa. Idan jirgi ya zo daidai kansa nisan ya ragu, sai zanen ya hau. Da an wuce shi nisan ya sake ƙaruwa, zanen ya sauko. Tsawon bakan yana nuna daɗewar da kifin ya yi a cikin jinkar ne, shi ya sa idan jirgi na tsaye kifin ma na tsaye sai a ga dogon layi. Kaurin bakan da ƙarfin launinsa su ne suka fi nuna girma. Garken ƙananan kifaye kan fito kamar gajimare.

Ƙasan ruwa ma yana da nasa bayani. Dutse ko tsakuwa kan ba da layi mai ƙarfi, har wani lokaci a ga layi na biyu a ninkin zurfin, domin sautin ya dawo ya doki saman ruwa, ya sake sauka ya sake dawowa. Laka mai laushi tana shanye sauti, sai layin ya fito da rauni. A wurare masu zurfi, lokacin zafi, ana iya ganin wani siririn layi a kwance a tsakiyar ruwa. Nan ne ruwan ɗumi na sama ya haɗu da ruwan sanyi na ƙasa. Sau da yawa ruwan da ke ƙarƙashin wannan layi ba ya da isasshiyar iskar shaƙa, saboda haka kifi ya fi taruwa a samansa.

Yadda Ake Sarrafa Ta

Da farko a kafa bakin na'ura yadda zai nutse sosai, fuskarsa na kallon ƙasa daidai wa daida. A kwale-kwale ana iya ɗaure shi a jikin sanda, a ɗaure sandar a gefe, nesa da inda filafili ko farfela ke tayar da kumfa. Idan ya karkace, bakan kifi zai fito rabi, zurfin kuma ya zo ba daidai ba. A tuna a ƙara nisan da ke tsakanin saman ruwa da bakin a kan abin da allo ya nuna.

Na biyu, a gwada gaskiyar na'urar. A ɗaura dutse a igiyar da aka yi wa alama mita-mita, a saukar a wuri mai ƙasa a shimfiɗe, a kwatanta da abin da allo ya ce.

Na uku, a daidaita iyakar zurfin da allo zai nuna, ta ɗan zarce zurfin wurin. Idan ruwan mita 6 ne aka bar allon a kan mita 30, hoton zai takure a sama.

Na huɗu, a daidaita maɓallin ƙarfin ji. Idan ya yi ƙasa ƙananan kifaye za su ɓace, idan ya yi yawa allon zai cika da ɗigo-ɗigo. Akan ƙara shi har ɗigon ya fara bayyana, sannan a ɗan rage.

Na biyar, a riƙa tafiya a hankali, da saurin mai tafiya a ƙasa, kuma a miƙe. Wasu na'urorin na zana ɗan hoton kifi a madadin baka. Zai fi kyau mai koyo ya kashe wannan, domin takan zana kifi a kan kumfa da kara. Bayan aiki a goge gansakuka daga bakin, a kuma kare batir daga jiƙewa.

Iyakar Na'urar

A ruwa marar zurfi jinkar sautin 'yar ƙarama ce. A zurfin mita 3, da'irar da ake dubawa da buɗewar digiri 20 kusan mita 1 ce kawai, ga shi motsin jirgi na korar kifi gefe. Tarwaɗa da ke kwance a laka takan saje da layin ƙasa. Inda kacala da sauran ciyayi suka cika, allon kan rikice. Kuma na'urar ba ta faɗin irin kifin. Sababbin na'urori sun rage wasu daga cikin waɗannan matsaloli. Akwai masu harba sauti zuwa dama da hagu kamar buɗaɗɗen mafici, waɗanda suka fi dacewa da ruwa marar zurfi, akwai kuma ƙanana da ake jefawa da fatsa suna aiko hoto zuwa wayar hannu. Duk da haka, masuncin da ya san lokacin da karfasa ke haƙa gurbin ƙwai a gefen ruwa zai fi baƙo fahimtar abin da allon ke nunawa.

Auna Cikewar Madatsa

Ga jama'ar arewacin Kano, wataƙila layin ƙasan nan ya fi bakan kifi muhimmanci. A yankin da ake nome kowane taƙi, ruwan farkon damina kan sami ƙasa a tsiraice, ya kwashi turɓaya da yashi zuwa rafi, rafi kuma ya kai madatsa. Da ruwan ya tsaya sai kayan su kwanta. Daga bakin gaɓa ba a ganin wannan, domin faɗin ruwan na nan yadda yake alhali cikinsa na cikewa. Masana sun ƙiyasta cewa madatsun duniya na asarar tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin ɗari na mazubinsu kowace shekara ta wannan hanya. Idan laka mai kaurin mita 1 ta kwanta a fili mai faɗin murabba'in kilomita 1, an yi asarar wurin ajiye lita biliyan 1 na ruwa. Wannan ruwa ne da ya kamata ya shayar da tumatir da albasa da alkama a watan Maris.

Da na'urar auna zurfi, haɗe da na'urar nuna wuri ta tauraron ɗan'adam wadda yanzu ke cikin wayoyin hannu, ana iya bin diddigin lamarin. A shata layuka daga gaɓa zuwa gaɓa, a bi su da jirgi ana rubuta zurfi da wuri, a kuma rubuta matsayin ruwa na ranar daga ma'aunin da ke jikin madatsa. Idan aka maimaita bayan 'yan shekaru a kan layukan nan, bambancin shi ne kaurin lakar da ta taru. Da wannan sani ne za a gane rafin da ya fi kawo yashi, da inda ya kamata a dasa itatuwa da ciyawa ko a yashe.

Hatsarin Ƙarar da Kifi

Abin da ke sauƙaƙa samun kifi yana iya sauƙaƙa ƙarar da shi. A gaɓar gabashin Kanada, manyan jiragen da ke ɗauke da sona sun yi ta bin garken wani kifin teku da ake kira kod duk inda ya taru. Da yake ana samun sauran garken cikin sauƙi, kamun bai nuna ainihin raguwar kifin da wuri ba. A Yulin 1992 gwamnati ta rufe kamunsa, mutane kimanin 30,000 suka rasa sana'a, kuma sai a 2024 aka sake buɗewa da ƙayyadadden adadi. Madatsa kuwa ba ta kai ko kusa da teku ba.

Amma da wannan fasaha ce kuma ake ƙidayar kifi. Tun daga 1999 masana daga Kenya da Tanzaniya da Uganda ke ratsa tafkin Biktoriya da jirgi mai sona domin ƙiyasta yawan giwan ruwa da sauran kifaye. A Nijeriya, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abubuwa masu fashewa da lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da wasu keɓaɓɓun ragogi na ƙananan kifaye. Irin wannan doka ta fi tasiri idan an san yawan abin da ke cikin ruwan.

Gwaji a Makaranta

Malami na iya nuna wannan ƙa'ida ba tare da na'ura ba. A sami doguwar katanga, a auna mita 50 daga jikinta. Ɗalibi ɗaya ya riƙa buga katako biyu, yana daidaita bugun har kowane bugu ya faɗa daidai kan amsa-kuwwar wanda ya gabace shi. Wani ɗalibin ya riƙe agogo, ya fara ƙirga daga sifiri, ya auna lokacin bugu 20. Kowane bugu tafiyar mita 100 ce, jimilla mita 2,000. Za a sami kusan daƙiƙa 6, wanda ke ba da saurin da ya kusanci mita 340 a daƙiƙa. Kada a matsa kusa da katangar fiye da mita 17, domin kunne ba ya raba sauti biyu da ke tsakaninsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba.

Daga nan a ba ɗalibai wannan aiki: amsa-kuwwa ta dawo daga ƙasan madatsa bayan daƙiƙa 0.012. Mene ne zurfin wurin? Idan buɗewar sautin digiri 20 ce, mene ne faɗin da'irar da na'urar ke dubawa a ƙasa?

Kammalawa

Na'urar gano kifi agogo ce mai kunne: tana harba sauti, ta auna lokacin dawowarsa, ta zana sakamakon a allo. Fassara zanen aikin mutum ne, kuma yana buƙatar sanin kimiyyar sauti tare da sanin halin ruwa da na kifi. Na farko yana cikin darasin fiziks na sakandare, na biyu yana wurin sarakunan ruwa na Tomas da Wasai da Gari da Watari. Zai kyautu makarantun da ke kusa da waɗannan madatsu, tare da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta da Jami'ar Bayero, su haɗa kai da masunta a riƙa auna zurfin ruwan lokaci-lokaci ana adana sakamakon. Ko da igiya da dutse ana iya farawa kafin a sami na'ura. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gara a san yawan lakar da ta taru tun ruwan bai fara yanke wa masu noman rani ba.